Ladubban Jinya a Cikin Gida: Wa'azin Ranar 17 ga Watan Azumi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta ya saukar da magani, ya sanya mu cikin waɗanda suka riski wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan'uwa masu sauraronmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na ƙauyuka da rugage duk inda muryarmu ke kaiwa, muna yi muku barka da shan ruwa. Yau 17 ga watan Ramadan, ranar da aka gwabza yaƙin Badar a shekara ta 2 bayan hijira. An saba a irin wannan rana a ba da labarin sahabbai kimanin 313 da suka fita. Mu kuwa za mu fara da wanda bai fita ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, matarsa Ruƙayya ɗiyar Manzon Allah (S.A.W.) tana kwance ba lafiya, sai aka bar shi a Madina ya yi jinyarta. Da aka komo, aka ba shi rabonsa na ganima, aka kuma shaida masa cewa yana da ladan wanda ya halarci yaƙin, kamar yadda ya zo a Sahihul Buhari. Ruƙayya ta rasu a cikin wannan ciwo kafin rundunar ta iso gida. Ku duba wannan ma'auni, jama'a. Rana ce da ake bukatar kowane namiji mai iya riƙe takobi, amma aka cire mutum guda daga sahu aka tsayar da shi a bakin shimfiɗar maras lafiya, kuma ba a rage masa komai daga lada ba.

A ƙasarmu galibin jinya a gida ake yin ta. Mutum zai yi kwana 10 a gidan likita, a sallame shi da takardar magani, sauran watanni ko shekaru kuwa a ɗakinsa zai yi su: wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da wanda ciwon suga ya kwantar, da tsohuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu, da wanda ido ya tafi, da wanda tsufa kawai ya rinjaya. Masu ɗawainiya da su ƴaƴa ne da mata da surukai da jikoki, kuma ba mu shakkar ƙaunarsu. Sai dai ana iya ciyar da mutum, a shayar da shi, a wanke shi, a cikin haka kuma a ƙwace masa mutuncinsa ba tare da kowa ya lura ba. Tushen maganarmu ta yau ke nan. Ciwo yana rage wa mutum ƙarfi, matsayinsa kuwa yana nan. Tsohon da ke kwance shi ne dai mai gidan, jikin nasa ne, maganarsa tana da nauyinta. Mai jinya hadimi ne a ƙarƙashin yardarsa, kuma duk ladubban da za mu kawo daga nan suka tsiro.

Ladabi na farko shi ne neman izini. A Suratun Nur, aya ta 27, Allah ya hana mu shiga gidajen mutane sai da sallama da neman yarda. A aya ta 58 kuma ya shigo da hukuncin har cikin gida ɗaya, ya ambaci lokuta uku da masu hidima da yara za su nemi izini: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) ko sai ya nemi izini kafin ya shiga wurin mahaifiyarsa, aka amsa masa da cewa ya nema. Ya kawo uzurin cewa gida ɗaya suke, aka maimaita masa. Ya ƙara da cewa shi ne ma mai yi mata hidima, aka sake maimaita masa, aka kuma tambaye shi ko zai so ya tarar da ita ba sutura. Uzurin mutumin nan shi ne uzurinmu a yau, wato "ai ni ke jinyarta". To an riga an ba mu amsa. Ko ɗakin ba shi da ƙyaure sai labule, tsaya ka yi sallama.

Izini kuma bai ƙare a bakin ƙofa ba. Kafin ka ɗaga shi, ka ce: "Baba, zan tashe ka zaune." Kafin ki yaye mata mayafi, ki ce: "Inna, ruwa ya yi ɗumi, ko a yi wankan yanzu?" Wanda ba ya gani ya fi kowa bukatar wannan, domin hannun da ya sauka a jikinsa ba sanarwa firgita shi yake yi. Wanda harshensa ya yi nauyi ma a faɗa masa, domin da yawa daga waɗanda shanyewar jiki ta hana magana suna ji, suna kuma fahimta.

Ladabi na biyu shi ne sutura. Akan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wannan karin magana bai halatta a tuɓe dattijo a tsakar gida yara na kai da kawo ba. A rufe ƙofa, a fitar da wanda ba shi da aiki a wurin, a lulluɓe shi da zane, a buɗe gaɓar da ake wankewa kaɗai, a mayar da zanen kafin a wuce zuwa wata. Inda hali ya yi, namiji ya wanke namiji, mace ta wanke mace, in ba miji da mata ba. A nan muna kira ga maza. Akwai gidajen da uba ke da ƴaƴa maza biyar, amma ɗiyarsa ko matar ɗansa ce ke kai shi ban ɗaki, shi kuwa kunya na cin ransa, har ya riƙa rage abinci da ruwa don kada bukatar ta taso. Ɗan da ya naɗe hannun riga ya wanke mahaifinsa bai zubar da girma ba, aikin Sayyidina Usmanu ya kama.

A Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, Allah ya haɗa bautarsa da kyautata wa iyaye, ya yi maganar waɗanda tsufa ya riska suna hannun ɗansu, ya hana ko da ƴar kalmar ƙosawa da ke suɓuce wa mutum idan ya gaji. Idan an hana ƙaramar, to tsaki da toshe hanci da yamutsa fuska a lokacin canza shimfiɗa sun fi cancantar hani. Wanda fitsari ya ƙwace wa ya riga ya hukunta kansa a zuci tun kafin ki shigo. Ki kwashe shimfiɗar kina yi masa hirar wani abu dabam, kada ki shanya ta kina sanar da maƙwabta. Haka nan gori. Suratul Baƙara, aya ta 264, ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Mai lissafa wa uwarsa jikkunan da ya kashe a magani yana rushe da bakinsa abin da ya gina da hannunsa.

Ladabi na uku shi ne shawara da barin zaɓi a hannun mai shi. A ciwon ajalinsa, shekara ta 11 bayan hijira, Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya zaɓi ɗakin da za a yi jinyarsa, ya nemi yardar matansa, aka kai shi ɗakin Nana A'isha. A cikin wannan ciwo ne iyalansa suka ɗura masa magani ta gefen baki, alhali yana yi musu nuni da kada su yi. Suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane maras lafiya. Da ya farfaɗo, sai ya yi umarni a ɗura wa duk wanda ke ɗakin irin maganin, ban da baffansa Abbas, domin shi bai halarta ba. Buhari ne ya ruwaito. Waɗannan mutane ba a kai su ƙauna ba, kuma alheri suka nufa, amma duk da haka aka ladabtar da su a kan tsallake nuninsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tambaye shi abin da yake marmari, fura ko kunu ko tuwo mai laushi, a cikin abin da lokotoro ya yarje. A tambaye shi inda yake son a shimfiɗa masa, da wanda yake son gani, da wanda ba ya so. Idan baƙo ya zo, kada a tsaya a kansa ana cewa "ya ci kuwa?" kamar ba ya wurin. A juya gare shi a tambaye shi. A ci gaba da kiransa da sunan girman da aka san shi da shi, Malam ko Alhaji ko Hajiya, kada ya koma "tsohon nan" ko "mai ciwon". Gonarsa da tumakinsa da abin da ke rumbunsa nasa ne matuƙar hankalinsa na nan. Ko don sayen maganinsa za a sayar da tunkiya, sai ya yarda. Abin da yake iya yi da kansa kuma a bar masa. Idan yana iya riƙe ludayi da hannu ɗaya, a haƙura ko da zai zubar da rabi, domin gaɓar da aka daina motsawa sandarewa take yi, zuciyar da aka nuna wa ba ta da amfani kuma karyewa take yi. Idan ya ƙi maganin da rayuwarsa ta rataya a kai, a nemi dalili. Wataƙila ƙwayar ta yi masa girma, ko tana sa shi jiri, ko yana tausayin aljihun ɗansa ne. A sanar da lokotoro, a kira wanda yake jin maganarsa ya lallashe shi.

Ladabi na huɗu shi ne neman ilimin jinya, domin tausayi maras sani yana iya kashewa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kowane awa 2. Jini ba ya kaiwa wurin da nauyin jiki ya danne, sai fata ta mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. A riƙa duba diddige da ƙugu da tsatso da kafaɗu. A fata irin tamu alamar farko ba lalle ta yi ja ba, wurin yakan ƙara duhu ne, ya yi zafi ko tauri. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, in an sa leda a ƙasa a ɗora zane a kanta. Kada a ba mutum abinci ko ruwa yana kwance rigingine. A tashe shi zaune, a ba shi kaɗan kaɗan, a jira ya haɗiye, a bar shi zaune kamar minti 30 bayan ya gama. Idan yana tari ko ƙwarewa duk lokacin da ya sha, a gaya wa lokotoro, domin abin da ya bi hanyar numfashi ciwon huhu yake haifarwa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, a zafin bazara kuwa jikinsa na bushewa bai sani ba. Kada a jira ya roƙa, a riƙa miƙa masa ruwa, fitsari kaɗan mai duhu alama ce ta ƙarancinsa. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi. Da dare a ɗaura masa sange, domin ba shi da hannun korar sauro.

Ladabi na biyar shi ne taimaka masa a kan ibadarsa. Sahabi Imrana ɗan Husaini yana fama da basur, Manzon Allah (S.A.W.) ya karantar da shi cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kishingiɗe. Suratul Ma'ida, aya ta 6, ta halatta taimama ga maras lafiya. Saboda haka a ajiye masa dutsen taimama kusa da hannunsa, a gyara shimfiɗarsa ta yadda zai fuskanci gabas, a sanar da shi idan lokaci ya yi. Muna kuma isar da wannan hukunci ga ƴan'uwanmu mata masu lalurar yoyon fitsari, da tsofaffin da ba sa iya riƙewa: a mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da iko ba, idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Mata da yawa sun bar salla shekaru suna zaton Allah ba ya karɓa. Duk wanda ya ji wannan ya kai musu labari.

Game da azumi, Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, ta yi wa maras lafiya rangwame, ya sha ya rama idan ya warke. Tsohon da ya kasa gaba ɗaya, Ibnu Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa an so ya ciyar, mudun Annabi ɗaya a kowace rana. Mai ciwon suga ya shawarci lokotoro kafin ya ɗauka. Idan an yarje masa, a taimake shi a kan sahur da buɗe baki. Idan kuwa aka ga zufa da rawar jiki da jiri ko ruɗewa, a ba shi abu mai zaƙi nan take, kada a jira faɗuwar rana. Akwai kuma wani zalunci da ke aukuwa a wannan wata ba da niyya ba. Da rana ba a ɗora tukunya, sai wanda Allah ya sauke wa azumi ya wuni da yunwa, yana jin nauyin ya roƙi masu azumi. Da dare kuma gida ya watse zuwa asham da tafsiri, a bar shi shi kaɗai a duhu. A ware masa abincin rana tun da asuba, a kuma yi karɓa-karɓa a zaman dare. Asham nafila ce, kula da uwar da ba ta iya tashi kuwa wajibi ne.

Ladabi na shida shi ne riƙon sirri. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mai jinya yana ganin abin da ba wanda ya gani, yana jin abin da zafin ciwo ya sa aka furta. Wannan amana ce, kuma Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana bincike da giba. Sunan cutarsa ba labarin bakin rijiya ba ne ko na majalisar shayi. A wannan zamani har hoton mutum ake ɗauka yana cikin mawuyacin hali a watsa a WhatsApp da sunan neman taimako, ba tare da an tambaye shi ba. A nemi yardarsa, in ya ƙi a nemi taimakon ta wata hanya. Masu zuwa dubiya kuma su taƙaita zama, su yi addu'a, su bar ba da labarin wane da wane da irin wannan ciwo ya kashe, su kuma daina rubuta wa mutum magani da baki, kowa da saiwarsa.

Wani zai ce, to wanda gigin tsufa ya kama fa, wanda ba ya gane ƴaƴansa? Allah ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli, aya ta 70, inda mutum ke rasa sanin da ya taɓa yi. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, kuma duk wanda ya jefi tsohuwa da wannan kalma don ta fita da dare tana sambatu ya ɗauki babban zunubi. Kada a ɗaure ta, kada a bar yara su mayar da ita abin dariya. Idan ta tambayi abu sau goma, a amsa sau goma. Idan ta nemi mijinta da ya rasu tuntuni, a ja ta da hirarsa maimakon a sabunta mata makoki kullum. Waliyyinta zai yanke mata shawara, amma ma'auninsa shi ne abin da ita take so lokacin da take cikin hankalinta.

Daga ƙarshe, mai jinya ma yana da haƙƙi. Lokacin da Salmanul Farisi ya tarar da Abud Darda'i ya gallaza wa kansa da ibada, ya tunatar da shi cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (S.A.W.) kuma ya gaskata Salman. Macen da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba, ga azumi ga girki, wata rana bakinta zai suɓuce, kuma laifin ba nata ita kaɗai ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba kwanaki tsakanin ƴaƴa. Malamai sun bayyana cewa hidimar iyaye nauyin ɗansu ce. Idan matarsa ta ɗauka, kyautatawa ta yi, sai a gode mata a kuma sauƙaƙa mata. Kada a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata abin da manya suka guje wa. Idan an ɗauki wani aikin jinya, a biya shi a kan lokaci. Ku kuma ƴan ci-rani da ke Libiya da Aljeriya da Abijan da Legas, kuɗin da kuke aikowa Allah ya saka, amma in kun kira waya ku ce a miƙa wa tsohon, ku yi magana da shi kansa, sannan ku tambayi mai jinyarsa abin da ita ke bukata.

Jama'ar masallaci, kowane sahu yana da gurbin wani dattijo da ya daina fitowa. Imamu Muslim ya ruwaito hadisi ƙudusi da ke nuna cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan rashin duba bawansa maras lafiya, ya sanar da shi cewa da ya je da ya same shi a wurinsa. Liman da ladan da dattawan unguwa su ƙidaya waɗanda suka ɓace daga sahu, a raba gidajen, a je kafin wannan wata ya fita. Wanda ya je ya fara da sallama, ya zauna daidai da shimfiɗar, ya tambayi mai ɗakin abin da yake so.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka sanya ciwonsu ya zama kankarar zunubi. Ka ba masu jinya haƙuri da ƙarfi da taushin harshe. Ka jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ka suturta mu a ranar rauninmu, ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Sai gobe war haka idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.